Katunan Izzuddeen

Litinin, 8 ga Mayu, 2023

Yau kati ya iso daga Italiya. Ƙanena Izzuddeen ne, wata takwas ke nan da tafiyarsa karatun injiniyan ruwa. Duk Juma'a muna waya, ban ga abin da ya rage da sai an rubuta a kwali ba. Na biya gidan waya na karɓo, na kai wa Baba.

Hoton wata maɓuɓɓugar ruwa ce a birnin Rum, Tirebi ko me. Ruwa kore shar, ga wani ƙaton mutum-mutumi mai gemu, kusan tsirara, da dawakai suna fitowa daga dutse. Gaskiya na ɗauka Baba zai yi faɗa. Mutumin da ya shekara arba'in yana karantar da yara a Aujara, ko kalanda mai hoton mutum ba ya ratayewa. Har na gyara tsayuwa ina jira.

Sai ya yi dariya da ɓarin bakinsa mai motsi. Ya ce in yanko masa takarda, in kawo ƙaro. Da hannun hagu ya lilliƙe gumakan ɗaya bayan ɗaya, ya bar ruwan kawai. Ya ce, "Ruwan ai na Allah ne."

Alhamis, 11 ga Mayu

Mutum tara suka zo gaida shi yau, tara suka ga katin.

Shekara biyu tun da ɓarin jikinsa ya shanye na ɗauko shi daga Aujara zuwa gidana a nan Yalwawa, cikin garin Dutse. Ni ke yi masa wanka, ni ke yanke masa farce, ni ke juya shi. Ba don a gode nake yi ba. Amma dai.

Asabar, 20 ga Mayu

Baba ya ce ba a karɓar gaisuwa a yi shiru, sai an mayar da kati. Na zaga Dutse kaf, shagunan littattafai, masu sayar da takardu a bakin sakatariya, babu mai irinsa. Wani ma katin biki ya miƙo mini. Ƙarshe na tsaya a shatale-tale na ɗauki hoton adon da ke tsakiya da wayata, mai hoto ya wanke mini a takarda mai kauri.

Da na ajiye shi kusa da na Rum sai na ji kunya. Siminti da fenti, da wata akuya da ta shigo ta gefe ban lura ba.

Baba ya faɗa, na rubuta. Layi biyar, huɗu addu'a ce. Ya ce ko ina da abin ƙarawa. Na ce babu.

Talata, 13 ga Yuni

Na biyu. Wannan daga Janeba ne a ƙasar Siwizalan, ruwa ya tashi daga tsakiyar tafki ya miƙe sama kamar hasumiya. A baya ya rubuta, "Baba, na tsaya a gindinsa, feshin ya jiƙa mini riga."

Na daɗe ina kallo, don abin ya shafi sana'ata. Shekara goma sha bakwai ina gyaran injin rijiyar burtsatse, na san abin da ake sha kafin a ɗaga ruwa zuwa tankin da ke kan ƙarfe, balle wannan. Ina cikin lissafin irin injin da zai yi haka a raina, sai maƙwabcinmu da ya shigo ya tambaya, "To wai me ke tura shi sama?"

Na buɗe baki. Baba ya ce, "Sai Izzuddeen ya kira mu tambaye shi, shi ya karanta abin."

Ni na fara ɗora wa yaron nan sifana a hannu. Tun yana aji biyu yake bin bayana zuwa wurin aiki a garin Miga, yana kuka idan bututu ya matse masa yatsa.

Laraba, 14 ga Yuni

Na yi wa Murja tsawa a kan gishirin miya. Miyar ba ta da laifi, matata ma haka.

Alhamis, 29 ga Yuni

Washegarin Babbar Sallah. 'Yan Aujara sun cika zaure, tsofaffin ɗaliban Baba. Katunan suna yawo hannu zuwa hannu, har da mai shafa su a hankali kamar za su ji ciwo. Ɗan'inna, wanda na gyara wa unguwarsu famfo ana saura kwana uku azumi, bayan sun yi wata biyu suna sayen ruwan garuwa, ya dube ni ya ce, "Kamilu, gidanku an fitar da mutum!"

Na ce, "Alhamdu lillahi." Na tashi na je duba naman da ake soyawa, wanda ba ya buƙatar dubawa.

Ga abin da ba zan faɗa wa kowa ba. Ni ma na ci jarrabawar shiga kwalejin fasaha a shekarar da Inna ta rasu. Baba ya ce wa zai riƙe gida. Ban yi musu ba. Ban taɓa tunanin abin ba sai bana, yanzu kuwa kullum.

Litinin, 17 ga Yuli

Na uku ya zo. Na karanta shi a tsaye a gidan waya.

Zakuna goma sha biyu na dutse sun ɗauki wani babban kwano, ruwa na fita daga bakinsu. A ƙasar Andalus, a fadar da sarakunan Musulmi suka gina. Andalus! Baba da ya raine mu da labarin malaman Andalus. Na san idan ya ga wannan, sai an kira liman, sai an kira mai unguwa.

Na saka shi a akwatin kayan aiki, ƙarƙashin tsumma. Na ce gobe.

Juma'a, 21 ga Yuli

Izzuddeen ya kira. "Yaya, katin bai iso ba?" Na ce ka san damina. Ban san me damina ta haɗa da wasiƙa ba, shi ma bai tambaya ba.

Lahadi, 30 ga Yuli

Kullum na dawo, kafin in cire takalmi Baba ya ɗago ido. Ba ya tambaya yanzu, hannuna kawai yake kallo. Jiya ya bar rabin kununsa. Yau ina goge masa baya ya ce, "Ƙila karatu ya yi masa yawa. Ko kuwa ya gaji da tsoho."

Na ce ba haka ba ne. Na ci gaba da gugar wuri ɗaya har ya ce zan saɓule masa fata.

Laraba, 2 ga Agusta

Murja ta buɗe akwatin tana neman filaya. Ta same ni a tsakar gida, katin a hannunta, baƙin mai ya ci kusurwa guda har ya taɓa zaki biyu.

"Baban Safa, wannan fa?"

Na ce na manta ne.

"Kwana goma sha shida?" Ta karanta tambarin gidan waya, ashe. Ta ajiye mini a kan gwiwa ta koma madafa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na kai masa. Ya juya shi, ya shinshina, ya dubi man, ya dubi farcena. Na jira. Ya ce, "Kawo ƙaro." Kawunan zakunan kawai ya rufe. Ya sa na karanta masa bayan har sau uku, ya yi hawaye da ido ɗaya. Ya shanye kununsa tas.

Ban san wanne ya fi ci mini rai ba, shirun da ya yi mini ko murnar da ya yi masa.

Asabar, 12 ga Agusta

Ina Miga da hantsi, mun zaro bututu rabi, wayata ta yi ƙara. Izzuddeen, kuma ba Juma'a ba. Na koma gindin wata tsamiya.

Ya ce, "Yaya, kana kusa da Baba?" Na ce a'a. Sai ya fara ba ni labari.

Abin da na iya riƙewa: ya faɗi darasi biyu. Harshen ya ƙi shiga kansa, malami na magana yana jin kamar ana zuba tsakuwa a kwano. An ba shi dama ɗaya a watan gobe, in ya sake faɗuwa za a janye tallafin karatunsa. Ba shi da aboki. Ranar da ba karatu yana wanke tukwane a wani gidan abinci.

Na ce, to duk yawon nan fa?

"Wane yawo, Yaya? Ban taɓa fita daga garin nan ba. Wani tsoho ke sayar da tsofaffin katuna a kasuwa. Ka duba kan sarkin, duk na Italiya ne."

Na ce, feshin da ya jiƙa maka riga?

"A waya na gani." Yana kuka. Ya ce ranar da ya ji yadda Baba ya yi murna da na farko, sai ya kasa tsayawa. Ya ce don Allah kada in faɗa.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Abin da na fara ji daɗi ne. Wani sanyi ya sauka mini a ƙirji kamar na sha ruwan randa. Na koma bakin aiki ina ta raha da mutane, har suka ce yau Malam Kamilu an tashi da ƙafar dama.

Lahadi, 13 ga Agusta

Na duba. Ukun duk Italiya.

Alhamis, 17 ga Agusta

Sau biyu yau maganar ta zo mini har leɓe. Ba ma sai na faɗa ba, in ce kawai, "Baba, ka lura da kan sarkin nan?" Tambaya ce. Tambaya ba cin amana ba ce.

Daɗin nan na ranar Asabar ya fara tsami. Ina ta jin muryarsa. Irin kukan da yake yi ne in bututu ya matse shi, yana ɓoyewa kada in kore shi gida.

Juma'a, 25 ga Agusta

Bayan masallaci Malam Saifuddeen ya biyo mu gida, abokin Baba, tsohon shugaban makarantar firamare, mutumin da ko takardar ƙosai ya samu sai ya karanta. Akwai mutum shida a zaure. Baba ya sa aka miƙa masa katunan.

Ya sa tabarau. Ya dubi gaba, ya juya baya, ya jera su uku a tabarma.

"Ikon Allah. Wannan na Siwizalan ne, wannan na Andalus, amma kan sarkin duk na ƙasa ɗaya. Ya aka yi haka?"

Baba ya juyo ya dube ni. Ni ya duba, bai ce a jira Izzuddeen ya kira ba. Wata uku ina jiran ya juyo gare ni a kan katunan nan.

Na ji bakina yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, ai sai ya koma masaukinsa yake aikowa. Ɗalibi ne, a hanya ba ya samun sukuni."

Malam Saifuddeen ya ce, "Haka ne kuma." Aka shiga hirar gero.

Da suka watse ina gyara wa Baba matashi, ya riƙe mini wuyan hannu da hagunsa. Riƙo mai ƙarfi, ban san yana da sauran wannan ƙarfin ba. Ban san abin da ya sani ba. Na yi istigfari a kan ƙaryar, kuma ban ji na yi nadama yadda ya kamata ba.

Talata, 5 ga Satumba

Jarrabawarsa ranar sha tara.

Na ɗauki hoton duwatsun bayan gari, sun yi kore da damina, aka wanke. Baba ya faɗi layinsa uku na addu'a, ya ce ya gaji, ya juya bango.

A gidan waya na ga rabin katin fari fat. Na ari biro. Na rubuta masa ya daina karatu da yunwa, ya nemi malamin ya gaishe shi ya ce bai gane ba, ba a kashe mutum don wannan. Na ce injin farko da na haɗa ni kaɗai, a gaban mutanen gari ya kama hayaƙi, kuma har yau suna kirana. Na ce in ya ci, ya ci. In bai ci ba, ya sanar da ni kafin kowa, ni zan je Kano in tarbo shi.

Rubutun ya yi yawa, sai da na bi gefe-gefe da ƙananan baƙaƙe.

Ba wani abu ba ne. Wuri ne ya rage, kuma an cika ko ba a cika ba, kan sarki ɗaya ake liƙawa.