Reshen Inabin Baba Ya Dawo Gida

Ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Fatakwal? Yaya Bilkisu da yara, da jikin Abba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ka san yadda na ji da inabin Baba ya bushe bara. To, kwanaki Madam Rifkatu, malamarku ta firamare, ta zo daga Badawa da reshe a hannu, ta ce daga irin da Baba ya yankar mata ne. Sai dai inabi biyu ta dasa lokacin, na Baba da wani daban, ɗaya ya mutu, kuma ba ta tuna wanne ba. Na kafa shi a tukunya kawai, don ba zan ce wa jikoki na Baba ne a kan zato ba.

Sai 'yarka Hauwa ta ce, "Mama, ai a wurin aikinmu da gwajin DNA muke gane asalin shuka. Reshe ba ya sauya halittar uwarsa." Ta ɗebi busasshen ganyen inabin Baba da Inna ta adana a kwalba don magani, ta tafi da shi da ganyen sabon reshen. Jiya ta dawo tana dariya, duk alamomin da suka duba iri ɗaya ne.

Da safen nan na dasa reshen a gurbin na Baba. Taya ni addu'a ya kama, lada ya ci gaba da isar wa Baba. Ka gaida Bilkisu. Idan ya yi toho, reshen farko naka ne.

Yayarka,
Hajara