Tsofaffin Tsirkiyoyin Baba Suna Cikin Jakata

Anti Hajjo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta ƙarshen watan nan, domin idan ta wuce ko an ba ni shawarar ba za ta yi mini amfani ba. Na daɗe ina karanta filinki a jaridar da malamarmu ta Hausa ke kawowa aji, amma ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko na yayyaga su. Ki yi haƙuri idan na yi tsawo. Ni ba gwanar magana ba ce, a rubuce kawai nake iya fitar da abin da ke raina. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Shekaruna goma sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare, muna zaune a Kurmin Sarki a nan Suleja. Babana malamin firamare ne, amma ba da koyarwa aka fi sanin sa ba. An san shi da kaɗa jitar bes a majami'armu, babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake jin sautinta a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Tun ina ƙarama nake zama a benci na biyu ina kallon yatsunsa. Ba ya rawa, ba ya murmushi, yana tsaye bayan mai ganga kamar ba ya wurin. Amma ranar da bai zo ba, har tsofaffin mata sai sun ce waƙar yau ba gishiri.

A watan Maris na bara ya faɗi a makaranta, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ubangiji ya taimaka ya tashi. Yanzu yana tafiya da sanda, maganarsa ta dawo, hannun hagun ne kawai bai dawo daidai ba, kuma shi ne hannun da ake danna tsirkiya da shi. Kullum yana zaune a baranda yana matsa ƙwallon robar da likita ya ba shi. Ita kuwa jitar tana cikin jakarta a ɗakin ajiyar kayan kiɗa na majami'a. Makullin yana hannun Malam Joshuwa, shugaban mawaƙa, aminin Baba tun suna samari. Ya hana kowa taɓa ta, ya ce mai ita zai dawo.

Ni ce nake share ɗakin duk Asabar, don haka yakan ba ni makullin. A nan laifina na farko ya fara. Idan na gama shara sai in fito da ita, in zauna a ƙasa ina kwaikwayon abin da na ga Baba yana yi, ba tare da na jona ta da sifika ba don kada a ji. A haka na lura tsirkiyoyin sun dushe, sun yi baƙi-baƙi, ba sa ƙyalli kamar na jitocin da nake gani a shago.

Da Baba ya ce zai gwada kaɗawa ranar Lahadin godiyar kaka, murna ta cika ni. Na ce a raina ba zai dawo ya tarar da ita da datti ba. Ina da ɗan abin da na tara daga kitson da nake yi wa yaran unguwa, sai na ɗauke ta wata Asabar na kai shagon wani mai sayar da kayan kiɗa kusa da kasuwa, Oga Obinna. Ya duba ta ciki da waje, ya share ƙurar da ta taru a kan fikof, wato ɗan akwatin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sauti, ya ce lafiyarsa lau. Da ya zo kan tsirkiyoyin sai ya yi dariya, ya ce waɗannan ai sun mutu tuntuni, wataƙila ma sun girme ni. Ya tambaye ni ko mai jitar ya san na kawo ta. Anti, na gyaɗa kai. Ya sa filaya ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura sababbi masu ƙyalli. Ban san dalili ba, na tsuguna na tsince guntayen na zuba a leda.

Ranar Alhamis da la'asar Baba ya zo gwajin waƙa, karo na farko cikin wata goma sha tara. Mawaƙa suka yi ta tafi. Yana ɗora yatsa a kan jitar na ga fuskarsa ta sauya. Ashe tsofaffin masu santsi ne, waɗanda aka sa kuwa masu kaushi ne. Duk lokacin da ya ja yatsansa a kansu sai sifika ta fitar da wata ƙara kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba, kuma duk inda hannunsa ya yi nauyi sai kowa ya ji. Bai kai rabin waƙa ba ya tsaya, ya cire maratayin daga kafaɗarsa a hankali, ya ce, "Wa ya taɓa ta?" Malam Joshuwa ya ce bai sani ba. Ina tsaye a layi na biyu cikin 'yan mata, bakina ya mutu.

A gida na ji yana gaya wa Mama cewa samarin yanzu ne ke son irin waɗannan tsirkiyoyi masu ƙara, don haka Joshuwa ya shirya jitar ne don wani, ashe tuni an yi masa ritaya ba a gaya masa ba. Washegari muna tsince shinkafa Mama ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce a satin da aka haife ni Baba ya je har Kaduna ya sayo tsirkiyoyin nan, da su ya kaɗa ranar sunana, kuma tun daga nan bai taɓa sauya su ba. Goge su kawai yake yi da wani tsohon hankici bayan kowace sujada. Ta ce yakan ce sai da suka shekara biyar kafin suka fara magana da muryar da yake so. Na tashi na shiga bayi na yi kukana.

Yanzu sati shida ke nan. Baba ya dawo da jitar gida ya tura ta ƙarƙashin gado. A majami'a yana zama a bencin baya, ya fita kafin a tashi. Sau biyu Malam Joshuwa yana zuwa gidanmu, Baba ya sa aka ce yana barci. Abin da ya fi cin raina shi ne, ina jin Malam Joshuwa ya sani, tunda ni kaɗai yake ba makulli. Amma bai tona ni ba. Yana gaishe ni kamar kullum, har ya tambaye ni karatu.

Na koma wurin Oga Obinna da ledar ko za a iya mayar da su. Ya ce abin da aka yanke ba ya ɗauruwa. Ya ce zai iya sa a kawo masu santsin daga Legas, amma sabo sabo ne, ba zai yi muryar tsoho ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Ba kin ce ya sani ba?" Na ɗauki ledata na fita.

Makon jiya wani mai suna Ayobami da ke kiɗa a Abuja ya zo ya ga jitar, ya yaba, ya ce irinta ta yi wuya yanzu. Ashe Baba sayar da ita zai yi, sun daidaita kan farashi, zai zo ya ɗauka Asabar ta ƙarshen wata.

Anti, ina tsoron in faɗa jininsa ya hau, likita ya ce a guji ɓata masa rai. Na yi tunanin in sa a kawo masu santsin in ɗaura a ɓoye, ko in rubuta takarda ba suna in ce ba Malam Joshuwa ba ne. Ledar tana cikin jakar makarantata, kullum da ita nake zuwa aji. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: na iya waƙa biyu a kan jitar nan, kuma ba na so ta bar gidanmu. Yaya zan yi?

Taki,
'Yar Benci Na Biyu, Suleja.

*

'Yata,

Na karanta takardarki, sannan na tsallaka gidan wani maƙwabcina da ya tsufa a harkar kiɗa, domin ni ban san bes ba sai a bikin mutane. Ina karanta masa, da na kai inda aka sa filaya sai da ya dafe kai. Ya tabbatar mini da abin da mai shago ya gaya miki: tsirkiya ba ta tsufa a cikin kwali, gumin hannu da shekaru ne ke ba ta murya. Don haka ki cire ran mayar da abin da ya wuce.

Niyyarki kyakkyawa ce, kuma rashin sani ne ya ja ki, ba mugunta ba. Garin neman gira kika taɓa ido. Wannan kuskure ne, ana yafe shi cikin sauƙi. Wanda ya fi shi nauyi shi ne shirun da kika yi ranar Alhamis ɗin nan, kuma kike sake yin sa kowace safiya. Akwai dattijon da ke ɗauke da kayanki sati shida, ana ce masa amininsa na barci, yana juyawa ya tafi bai ambaci sunanki ba. Yana jiran ki ne ki faɗa da bakinki. Kada ki bar shi ya gaji da jira.

Dabarunki biyu kuwa ki ajiye su. Ɗaura wasu a ɓoye maimaita laifin farko ne, takarda ba suna kuma sabon zargi za ta haifar.

Game da hawan jini, tsoronki yana da tushe, shi ya sa ba ke kaɗai za ki tunkare shi ba. Ki fara gaya wa Mamanki yau. Ita ta san lokacin da ya fi natsuwa, bayan ya ci abinci ya sha magani, kuma ki roƙe ta ta zauna tare da ku. Amma ki auna wannan: mutumin da ke kwana yana tashi da tunanin amininsa ya yar da shi, wane ɓacin rai ne ya fi wanda yake ciki? Gaskiyar da za ki kawo masa ta fi abin da yake zato sauƙi nesa ba kusa ba. Zai ji cewa ba wanda ya yi masa ritaya, 'yarsa ce ta yi ɗokin dawowarsa har ta yi ɓarna.

Ki durƙusa, ki ajiye ledar a gabansa, ki faɗi abin da kika yi daga shara har filaya, har gyaɗa kan da kika yi a shago. Kada ki yi dogon bayanin kare kai. Idan ya yi faɗa ki saurara, idan ya yi shiru ki ba shi lokaci. Daga nan ki je ki ba Malam Joshuwa haƙuri, sauran gyaran tsakaninsu ne, sun san hanyar gidan juna.

Sai dai zan gaya miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba. Mai yiwuwa ba tsirkiya kaɗai Babanki ya ji a sifika ranar nan ba, hannunsa ya ji. Fushi da aboki ya fi sauƙin ɗauka a kan yarda cewa yatsu sun gaza. Idan haka ne, ko bayan kin faɗi gaskiya zai iya cewa zai sayar, kuma jitarsa ce, ya kuma riga ya ba wani kalmarsa. Kada ki yi masa kuka a kan cinikin. Idan ya fasa, shi zai kira mai sayen da wuri ya ba shi haƙuri.

Abu ɗaya za ki roƙa. Bayan ƙura ta lafa, ki ce masa kin koyi waƙa biyu a ɓoye, kina so ya saurara ya gyara miki kafin a zo ɗauka. Mutumin nan malami ne, da wuya malami ya ga ɗalibi yana danna wurin da ba daidai ba ya iya kame bakinsa. Idan ya zaɓi a sayo masu santsi, shi zai faɗi irinsu, shi zai nuna miki yadda ake ɗaurawa. Tsofaffin sun yi shekara goma sha shida a hannunsa. Sababbin ma suna bukatar hannun da zai tsufar da su, kuma akwai shi a gidan.

Kada ki kai Asabar, kada ma ki kai jibi. Allah ya ƙara wa Babanki lafiya, ya mayar da zumuncinsa da amininsa, ke kuma ya buɗe miki baki a lokacin da ya dace. Gobe ki tafi makaranta da littattafai kawai a jakarki.

Anti Hajjo.