Libarbar Kaka Jika

Naraguta, 3 ga Mayu, 2023

Malam Mahdi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibai. Ummusalma ce, wadda ka koya wa tarihi a aji shida.

Mun buɗe akwatin marigayi Kaka Jika, muka tarar da libarba, ƙaramar bindigar nan mai cin harsashi shida. An ce wani Baturen haƙar kuza ne ya ba shi lokacin yana gadi. Malamina na jami'a ya yarda in yi aikin kammala digiri a kanta, muddin na tabbatar da shekarunta kafin ƙarshen wata. Kawu Lasisi, mijin gwaggona, ya ce miliyan biyar ce kwance. Na ƙi turo hoto, ka san waya da zancen bindiga a garin nan.

Ɗalibarka,
Ummusalma

Kabong, 5 ga Mayu

Ummusalma,

Wa alaikumus salam. Sau uku na karanta wasiƙarki don murna! Da farko kada kowa ya taɓa kunamarta, mai yiwuwa da harsashi. Duba saman bakin bindigar, za ki ga sunan kamfani. Nemi lamba a jikinta, da ƙananan hatimai masu kambi. In akwai alamar kibiya, ta soja ce. Da waɗannan ake gane shekara.

Ki gaya wa Lasisi ba a sayar da bindiga kamar akuya. Gidan tarihi za mu sanar, da 'yan sanda. Kuma don Allah kada a goge ta.

Ki gaida gida.
Mahdi

Naraguta, 8 ga Mayu

Malam,

Barka da war haka. Wasiƙarka ta makara da kwana ɗaya. Gwaggo Safara'u ta ji za a nuna wa malami, ta ce, "A gidan nan za a fito wa baƙo da abu mai tsatsa? Ina raye?" Ta sa toka da yashi da lemon tsami, yadda take wa tukwane ranar jajibere. Kawu ya ƙarasa da sanfefa, takardar nan ta goge katako. Yanzu ina ganin fuskata a ciki. Saura rabin kambi da lambobi huɗu kacal.

A gafarce mu.
Ummusalma

Kabong, 9 ga Mayu

Ummusalma,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace. Sanfefa! Tsatsar da ta yi shekaru tana tsaron rubutun nan, an kankare ta tare da rubutun cikin hantsi ɗaya! Ki faɗa wa Lasisi ya kankare miliyoyinsa da hannunsa. Kuma ya san sunan da ɗan sanda ke ba bindigar da aka goge wa lamba?

Kada ki karaya, 'yata. Wasu kamfanoni kan maimaita lambar a ƙarƙashin katakon mariƙi. Sukurorin sun tsufa, in hannun bai iya ba, zai farfasa wurin. Gobe zan zo da Mista Obum na gidan tarihi. Kafin nan, kowa ya kama hannunsa.

Malaminki,
Mahdi

Naraguta, 10 ga Mayu

Malam,

Ina kwana. Kuskurena, na karanta wasiƙar a fili. Kawu ya aro sukuddireba na kwance sukurori wajen wani makaniki a Tina Junction, Gwaggo ta tsaya da man gyaɗa, wai don sukurorin su yi laushi. Na mayar da libarbar akwati na zauna a kai tun asuba. Ko karyawa ban yi ba.

Ku yi sauri.
Ummusalma