Burodin Baba Milan

Talata da dare, 19 ga Disamba, 1995

Yau kara ta cuce ni. Baba Milan, dattijon nan ɗan Sabiya da muke lodin kwali tare a Wendover, ya gayyace ni bikin waliyyin gidansu. Kujera takwas ya jera, ni kaɗai na je.

Ya nuna mini wani ƙaton makulli mai tsatsa, na cocin dutsen ƙauyensu. Ya ce cocin ya girmi kakannin kakanninsa, kuma kafin yaƙi 'yan Sabiya da 'yan Kuroshiya duk a gindinsa suke binne mamatansu. Bai ma san ko ƙofar tana nan ba.

Sai ya miƙo mini burodi da hannu biyu. Ni kuwa, halinmu na gida, na ce, "Na ƙoshi, Baba," ina jira ya sake tayi. Bai sake ba.

Da matarsa ta rako ni mota, ta ce ai ba don ci ba ne. Mutum biyu ke riƙe burodin su raba, kuma shi da marigayi ƙanensa suka saba yi, a ƙofar cocin nan.

Wayyo Allah! Ina zaune ina murmushi dattijon nan ya raba shi shi kaɗai.