Jadawalin Da Ya Hana Mu Zuwa Wurin Bashir

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai a Alƙahira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam, na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina neman ganinka ana ce mini kana taro. Ni ne Nasiru, wanda muka yi shekara uku ɗaki ɗaya da marigayi Bashir a unguwar Hayyus Sabi'.

Na farko. Kafin a zaɓe ka, jinya a wurinmu ba ta da shugaba. In ɗan'uwa ya kwanta asibiti, duk wanda ba shi da darasi shi ke tafiya. Matan aure na unguwar Ainu Shams su dama kunu, wani ya ɗauka ya hau jirgin ƙasa na metro. Wata rana mu taru mu biyar a bakin gado ɗaya har ma'aikata su kore mu. Ba tsari, na yarda. Amma ban taɓa jin mara lafiya ya yini shi kaɗai ba.

Na biyu. Da ka hau, ka ce wannan hargitsi yana zubar mana da mutunci a idon Misirawa. Ka zauna kai kaɗai ka rubuta jadawali, mutum ɗaya kowace rana, ka hana kowa zuwa in ba ranarsa ba. Da a ce ka tara mu, da ko sabon zuwa ya gaya maka Malam Habu da ka ba Talata yana da jarrabawa ran nan. Bai samu zuwa asibiti wurin Bashir ba, mu kuma duk mun ɗauka yana can. Bashir ya cika bayan azahar, ba wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada. Wani Bamisire na gadon kusa ne ya rufe masa ido.

Ni kuwa ina gida ina wanki. Wanki, Malam! Don ranata Alhamis ce. Na san ajali ba ya jira, ban ce kai ka kashe shi ba. Amma da mahaifiyarsa ta bugo waya daga gida tana tambayar me ya faɗa na ƙarshe, wallahi dole na ce mata ban sani ba. Har yau abin yana cin raina.

Na uku. Maƙwabcinmu Yunus, ɗalibi Musulmi daga ƙasar Sin, ya zo mana ta'aziyya. Ya ce a ƙasarsu akwai tsohuwar koyarwa da ake kira Dao. Masu binta suna ganin abin da jama'a ke tafiyarwa da kansu lafiya lau, shugaba ya cire hannu, don yawan gyara ke ɓata shi. Shugaba ya zauna ƙasa-ƙasa kamar tafki, shawarar kowa ta gangaro masa. Kunya ta kama ni. Mu da muke haddace babin shura, sai baƙo ya tuna mana?

Roƙona biyu ne. Ka janye takardar nan, sannan ka kira taro ka saurare mu, har da matan da ke dama kunun. Kada ka jinkirta, don tun shekaranjiya ɗan'uwanmu Idi yake kwance a asibitin da Bashir ya rasu.

Allah ya jiƙan Bashir. Kai kuma Allah ya yi maka jagora, ya yafe mana ni da kai.

Gobe Talata. Ba ranata ba ce a jadawalinka, amma in ka neme ni, ina bakin gadon Idi.

Wassalam.
Ɗan'uwanka, Nasiru.