An Kunna Rediyo, Dawata Ta Bushe

Zuwa ga Malam mai fassara finafinan Swahili zuwa Hausa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, ni manomiya ce a wani ƙauye kusa da Kamlin, a yankin Jazira. Ban san fuskarka ba, amma muryarka ta cika wayoyin garinmu. Mijina ya rasu ya bar mini yara da hawasha, wato gonar da muke ci a cikinta.

Na ɗaya. A finafinanka, namiji in ya ɗaga murya sai ka ce zaki ya yi gurnani. Mace kuwa ko magani take roƙa wa ɗanta, sai ka ce, "To, an kunna rediyo!" Ƙanen mijina ya yi tuƙin babbar mota a Juba, yana jin Swahili, ya rantse mini babu wannan maganar a bakin 'yan wasan. Kai ka ƙara gishirinka.

Na biyu. Bana ruwa ya yi ƙaranci a tur'a, wato magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa, aka tsallake layina na ban ruwa. Na tafi taron manoma ƙarƙashin bishiya, na yi sallama, na buɗe baki ke nan wani ya jefo kalmarka. Wallahi har dattawa masu furfura sai da suka dara. Na tsaya kamar an dasa ni, maganar da na kwana ina shiryawa ta gudu. Aka tashi taro ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni.

Na uku. Na koma taro na gaba, tun daga nesa aka fara murɗa hannu kamar ana murɗa rediyo, wai ana rage mini murya. Ruwa bai zo ba sai da dawa ta sunkuya. Haba Malam! Raina ya ɓaci, kuma har yau bai gyaru ba.

Ba na ce ka bar sana'arka ba, kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa. Roƙona ka faɗi abin da matar ta faɗa, ka tsaya nan. In kuma ka ga wasa ne kawai, bismilla, hanyar Kamlin a buɗe take. Ka zo ka tsaya cikin busassun karan dawata, ka sa musu muryar da za ta ba yarana dariya.

Allah ya tsare maka harshenka, ya sa kada wata taka ta miƙe a gaban maza a yi mata abin da aka yi mini.

Wassalam.

Uwar marayu, daga Jazira.