Rasuwar Mama Joanna da Sunaye Huɗun da Take Sokewa

Cikin alhini mai nauyi da raunin zuciya, Ƙungiyar Iyayen Ɗalibai 'Yan Arewa Mazauna Diobu, Fatakwal, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Dattijo Alhaji Aslam Indabawa, babban dillalin albasa na kasuwar Mile 3, ta samu labarin rasuwar Uwargida Joanna Nehemiah Gimba, metiron ɗin ɗakunan kwana a makarantar 'yan matan da 'ya'yanmu ashirin da bakwai suke karatu, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta gabata da hantsi, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da takwas a duniya.

Kafin mu ce komai, wajibi ne mu jinjina wa hukumar makarantar bisa hanzarin da ta nuna a wannan lokaci na jimami. Ba a gama sanar da dangi a gida ba, hoton marigayiya ya riga ya hau ƙofar makaranta, tsawonsa ya fi na mai shi sau biyu. Zuwa ranar Alhamis kuwa, saƙo ya shigo wa iyaye ta WhatsApp cewa an cike gurbinta: an kafa akwatin ƙorafi a bakin ɗakin cin abinci, kore shar, da kwaɗonsa sabo, duk yarinyar da ba ta jin daɗin jikinta ta rubuta ta jefa, za a riƙa buɗewa kowace Juma'a da safe. Mu 'yan kasuwa mun san darajar ma'aikacin da ba ya gajiya, ba ya neman hutu, ba ya tafiya gida Kirsimeti. Madalla da wannan basira.

Marigayiya, wadda yara da iyaye suka fi sani da Mama Joanna, 'yar Zonkwa ce, aure ya kawo ta Fatakwal, ta kuma yi shekara goma sha tara tana kwana tana tashi da 'ya'yan mutane. A duk ma'aikatan makarantar ita kaɗai ke jin Hausa, amma ba a nan gwanintarta ta tsaya ba. Ta san 'yar Bahaushe ko zazzaɓi na kaɗa ta, in ka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, na yanzu ma da aka haifa a nan sai su ce maka "I dey fine". Shi ya sa ba ta tambaya. Wurin mayar da kwanuka take tsayawa bayan cin abinci, duk wadda ta rage shinkafa sau biyu a jere sai ta ji bayan hannu a goshinta kafin ta kai ƙofa. Mace ce Kirista mai riƙon addininta, amma duk watan azumi ita ce ke tsaye a kan masu girki har sai an ajiye wa 'ya'yanmu abin buɗa baki da zafinsa.

A nan ne ya zama dole ƙungiya ta faɗi abin da ya hana ta sukuni, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fom ɗin shiga makarantar yana da layin da ake tambaya ko yarinya tana da wata lalura. Kusan dukanmu "babu" muka rubuta. Ba ƙarya muka nufa ba. Mutumin da ya tashi a kasuwa ba ya sa aibin kayansa a saman buhu, uba kuma ba ya ɗaukar biro da hannunsa ya rubuta wa 'yarsa ciwo a takardar da bai san wa zai karanta ba. Abin da muke yi shi ne, duk Asabar Mama Joanna takan hau keke napep ta zo Mile 3 cefane, sai uba ya ja ta bayan rumfa ya gaya mata a kunne: wannan tana da asma, waccan in sanyi ya taɓa ta sai asibiti. Ta ji, ta gyaɗa kai, ta ɗauki kwandonta. Ba ta taɓa rubutawa ba, domin mu muka roƙe ta kada ta rubuta, ita kuwa ta riƙe amana har kabari.

Ga inda abin ya kai mu. Ɗalibai kan ɗebo ruwa daga famfon bayan fili da ƙarfe shida na safe, bi da bi, ko da ruwan sama na zuba, kuma kowa ya san daminar garin nan ba ta da alƙawari. Manyan ɗalibai ke tsara jerin masu ɗebowa. Duk Lahadi Mama Joanna takan karɓi jerin ta soke sunaye huɗu, ta mayar da su ninke zannuwan gado a cikin ɗaki. An zarge ta da fifita 'yan Arewa, an kai ƙararta ofis har sau biyu, ta sha faɗan, ba ta tona asirin kowa ba.

Jerin makon gobe ya fito, babu wanda ya soke komai. Shugabanmu Alhaji Aslam ya ba mu izini mu faɗa a bainar jama'a cewa 'yarsa Halimatus Sa'adiya, 'yar aji biyu, tana da sikila, kuma sunanta ne na uku a safiyar Litinin. Yarinyar ta yi waya da mahaifiyarta, Hajiya Hajo, a wayar makaranta. Ba ta ce tana tsoro ba, ba ta ce a zo a yi magana ba. Cewa ta yi a aiko mata da lema. Sauran ukun kuwa har yau ba mu san ko su wane ne ba. Mun tambaya a taron gaggawa, manyan mutane masu rumfa uku-uku kowa ya shiga gyaran hularsa. Muna roƙon waɗannan iyaye, don girman Allah, su samu Shugaba a keɓe kafin faɗuwar ranar Lahadi. Kunyar yini ɗaya ta fi zaman makoki sauƙi.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidan marigayiya, Dattijo Nehemiah Gimba, da 'ya'yansu Christy da Marvelous, da dangi a Zonkwa inda za a kai ta makwancinta, da 'yan cocinsu, da ɗaukacin ɗaliban da suka wayi gari ba uwa. Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi, ya albarkaci abin da ta bari, ya sa yadda ta rufa wa 'ya'yan wasu asiri ya rufa wa nata. Tawagarmu za ta raka gawa har gida.

A ƙarshe, muna sanar da iyaye cewa jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Shugaba da dattawa uku sun kai takarda ƙofar makaranta da buƙatu ƙanana: a cire sunan Halimatus Sa'adiya daga ɗiban ruwa, a buɗe mana ƙofa mu gyara fom ɗinmu a gaban ma'aikaciyar jinya, a kuma nemo mace mai ido da hannu ta zauna a kujerar Mama Joanna. An karɓe su da fara'a, har da kujeru. An shaida musu cewa shugabar makaranta ta yi tafiya, ba a shiga sai ranar ziyara a ƙarshen wata, amma yanzu akwai tsari, aka karɓi takardar aka jefa musu ita a koren akwatin nan, wanda aka riga aka buɗe aka rufe da safiyar ranar. Dattawanmu za su koma gobe, za su kuma koma da asubahin Litinin su tsaya a ƙofa. Mu dai karatunmu bai yi nisa ba, don haka muke roƙon masu ilimin da suka tsara wannan tsari su taimaka mana da amsa: tsakanin Litinin da Juma'a, wacce ke fara zuwa?

Malam Hashim Jumare
Kakakin Ƙungiyar Iyayen Ɗalibai 'Yan Arewa Mazauna Diobu, Fatakwal